Wata goma sha ɗaya kafin bindigar Maigida ta shigo gida

Shekara ashirin da biyu muna tare da Baban Hadiza, kuma ɗari bai taɓa shigowa ba tare da ya ɗauko mini zancen farautar mahaifinsa ba. Tsohon maharbi ne a wani ƙauye na ƙasar Damagaram, da bindigar toka ya ciyar da su naman daji suna yara. Shi kuwa Maigida lakkol ta ɗauke shi tun yana ƙarami, ya zama mushe, wato malamin makaranta, aiki ya kawo shi Maraɗi. Idan muka je gonarmu da ke wajen Jiratawa ya ji kukan zabi daga cikin ciyawa, sai ya tsaya da fartanya a hannu yana saurare har sai sun yi shiru. Da ya kusa cika shekara hamsin, ni kuma ɗaukar adashena ta faɗo a watan Maris, jika 300 cif, sai na ƙudurta a raina cewa bindigar farauta zan saya masa, in naɗe ta a sabon zane in ajiye masa a kan gado. Haka na tsara abin a kaina. Na rubuta wannan ne don mace ko namijin da ke da irin niyyata, kada ya fara ta inda na fara.

Na fara ne ta kasuwa, domin nan na sani. Turaren wuta da humra nake sayarwa, kuma a tunanina duk abin da ke da kuɗi dillali zai kawo shi. Na raɗa wa wani da ke kawo mini kaya, kwana uku ba su cika ba sai ga wani mutum ya tsaya bakin rumfata, ya ce an ce ina neman ƙarfe. Ya nuna mini hotuna a waya, ya ce daga ƙetaren iyaka za a shigo da ita cikin buhun masara, jika 120, ba takarda ba tambaya. Araha ta ja ni, ba zan ɓoye ba. Allah ya taimake ni na ce sai na yi shawara, da yamma na tafi unguwar Zariya wajen yayana wanda ya yi aikin soja har ya yi ritaya. Ban gama ba shi labari ba ya ajiye kofin shayinsa. Ya ce, "Ke, kin san abin da kike shirin jawo wa mijinki kuwa? Bindigar da ba ta da takarda, ba ki san ran wa ta ɗauka ba kafin ta zo hannunki. A tare shi da ita a hanyar Madarunfa ko ta Gidan Rumji a wannan zamanin, wa zai tsaya jin cewa zabo ya fita nema?" Ya ce tun 1994 ƙasar nan take da hukuma ta musamman mai tattara makaman da ke yawo ba bisa ƙa'ida ba, ni kuma ina so in ƙara musu ɗaya da kuɗin adashena. A gabansa na share lambar mutumin daga wayata, hannuna na rawa.

Shi ya ce in fara da ma'aikatar gandun daji, in tambayi sashen da ke kula da namun daji da farauta. Ranar Litinin na hau kabu-kabu na je da sassafe, na zauna a benci kusan awa biyu saboda jami'in ya fita rangadi. Da ya dawo ya karɓe ni da mutunci, ya bar ni na gama zubo bayanina, sannan ya ce, "Madam, takarda biyu ce ake magana, kuma kin zo wajen ta biyu." Ta farko izinin mallakar makami, wannan daga ma'aikatar cikin gida yake fitowa, ba daga wajensu ba. Ta biyu permin farauta, shi ne nasu, kuma ba sa ba wanda bai zo da ta farko ba. Sai ya faɗi maganar da ta rushe mini shiri gaba ɗaya: izinin da sunan mutum ɗaya yake fita, na wanda zai riƙe bindigar, shi zai rubuta buƙata da hannunsa, shi za a bincika. Ba zan iya saya da sunana in miƙa masa ba, domin ranar da na miƙa masa mun karya doka mu duka biyu. Na ce to ai kyauta ce ta bazata nake so. Ya ce kyautar bindiga ba a yin ta a ɓoye.

Tun da na riga na zauna, sai na yi ta tambaya, shi kuma bai gaji ba. Ya jawo wani kundi ya nuna mini doka mai lamba 98-07 ta ranar 29 ga Afrilun 1998, wadda ta tsara farauta da kare namun daji a Nijar. Permin ma iri-iri ne: akwai na farautar gargajiya, akwai na masu binciken ilimi, akwai na farautar nishaɗi wanda shi ma aka kasa shi ƙarama da matsakaiciya da babba. Mai neman zabo da fakara da zomo ƙaramar yake buƙata. Farauta ba duk shekara take buɗe ba, hukuma ke sanar da buɗewa da rufewa, kuma da damina, lokacin da dabbobi ke haihuwa tsuntsaye ke kwanci, ba a taɓa su. Ba a farauta da dare da fitila, ba a bin dabba da mota, ba a sa guba, ba a cinna wa daji wuta don a koro nama. Ya ce in gaya wa Maigida ko da wasa kada ya nufi Gadabeji da bindiga. Dajin nan da ke arewa da Dakwaro a tsare yake tun 1955, faɗinsa hekta 76,000, kuma a 2018 aka kwaso raƙuman dawa takwas daga Kure aka sake su a ciki. Raƙumin dawa da jimina na cikin dabbobin da babu permin da ke halatta harbinsu. Na fito daga buron nan na san abin da ban sani ba, amma zuciyata a jagule, domin ba ni da zaɓi sai in fasa ƙwan.

Da dare bayan yara sun kwanta na ce, "Baban Hadiza, akwai maganar da nake ɓoye maka wata guda ke nan." Na ɗauko kuɗin a ƙulle cikin leda na ajiye a gabansa, na faɗa masa komai, har zancen mutumin buhun masara. Ya daɗe bai ce uffan ba. Can ya ce, "Maman Hadiza, jarinki fa?" Na ce jarina na nan, wannan adashe ne. Sai ya juya fuskarsa wajen bango, ni kuma na tashi na ba shi wuri.

Kuskurenmu na farko mu biyu shi ne gaggawar tara takardu. An ba shi jerin abin da zai haɗa: buƙata rubutacciya da hannu mai ɗauke da tambur, takardar haihuwa, takardar shaidar zama ɗan ƙasa, takardar shaidar mazauni, hoton katin ɗan ƙasa, hotunan fuska, takardar likita, da takardar kotu mai nuna ba a taɓa ɗaure mutum ba, wadda kowa ke kira kaziye. Sauran duk a Maraɗi aka same su cikin mako biyu, hotuna da tambur da kuɗin kabu-kabu ba su kai jika 10 ba. Kaziye kuwa a kotun inda aka haifi mutum ake karɓarsa, don haka a hutun Afrilu ya hau kar zuwa Damagaram, tafiyar fiye da kilomita 200, ya kwana biyu wajen ƙanensa ya dawo da shi yana murna. Abin da ba mu kula da shi ba, wata uku ne kawai ƙarfin takardar nan. Kuma da ya je kai dosiye, wato tarin takardun nan, aka tambaye shi wace irin bindiga yake nema, mene ne girman bakinta, daga hannun wa za ta fito. Ba mu da amsar ko ɗaya.

Nan ne aka shiga zaɓe, kuma nan ne na fi koyon abu. Ni a wajena bindiga bindiga ce. Maigida kuma ransa na kan irin mai madubin hange da yake gani a bidiyo, mai harsashi ɗaya da ke tafiya nesa. Yayana ya kai mu wani ƙauye kusa da Tibiri wajen sarkin bakan garin, dattijo mai furfura har a gira, muka same shi ƙarƙashin bedi yana gyaran rataya. Bayan gaisuwa Maigida ya faɗi abin da yake so. Tsohon ya tambaye shi, "Malam, me za ka harba?" Ya ce zabi da fakara, wataƙila zomo. "A ina?" Ya ce wajen gonaki, gefen gulbi. Sai tsohon ya nuna da haɓarsa inda wasu mata ke tafe da itace a ka, can nesa, da ƙyar ake ganinsu. Ya ce harsashin irin waccan bindigar, ko ƙaramar cikinsu, idan ya kuskure zabo yana wuce kilomita guda bai faɗi ba, kuma ƙasarmu a shimfiɗe take, babu dutsen da zai tare shi. Gefen gulbin Maraɗi kuwa ko'ina mutum ne, ga masu lambu, ga makiyaya, ga yara masu kiwon awaki. Ya ce abin da ya dace da shi ita ce mai watsa ƙwayoyin dalma, wadda ake kira kalibar 12. Nisan da take kayar da nama bai wuce mita talatin zuwa arba'in ba, kuma tsuntsu mai tashi da ita ake samunsa. Ya ƙara da cewa mai koyo ya ɗauki mai baki ɗaya, wadda ake karyawa a sa harsashi guda. Idan a karye take kowa na ganin babu komai a ciki, kuma wanda ya san harbi ɗaya gare shi ba ya harbi sai ya tabbatar da abin da ke gabansa. A hanyar dawowa Maigida bai yi magana ba sai da muka shigo gari, ya ce, "Abin da Baba zai faɗa mini ke nan da yana raye."

Samun ta halal ya ci mana wata huɗu. An nuna mana guda biyu da muka ƙi. Ɗaya ƙirar maƙera ce, bututunta na famfo, yayana ya ce irin su ne ke fashewa a hannu su tafi da yatsu. Ɗayar kuma kyakkyawa ce mai baki biyu, amma mai ita ya ce takardunta sun ɓace a ambaliya, da aka duba wajen lamba sai aka ga an goge shi da magagari. Sai cikin Agusta wani abokin aikin Maigida ya haɗa mu da wani tsohon ma'aikaci da ya yi ritaya, idonsa ya fara yana, ya daina fita daji shekara biyar. Muka je gidansa bayan la'asar. Ya sa jikansa ya ɗauko wani dogon ƙunshi daga saman kwaba, ya warware tsohon bargo, sai warin man keken ɗinki ya cika ɗakin. Baikal ce ƙirar Rasha, mai baki ɗaya, nauyinta kusan kilo 3, itacen gindinta ya yi baƙi ya yi santsi a inda kunci ke taɓawa. Yayana ya karya ta, ya ɗaga bututun wajen taga ya leƙa, ya miƙo mini ya ce in duba. Cikin yana sheƙi kamar gindin sabuwar tasa, babu tsatsa babu rami. Ya rufe ta ya girgiza ya ji ko maɗaurin na motsi, bai ji ba. Ya sa Maigida ya ɗora ta a kafaɗa sau biyar ido a rufe, ya buɗe ya ga ko idonsa na faɗawa daidai kan bututun. Sannan muka shimfiɗa takardar tsohon a tabarma, ni na riƙa karanta lambar da ke jikin ƙarfen, Maigida na bi da yatsa a takarda, harafi bayan harafi. Suka yi daidai. Aka tsaya a jika 240. Tsohon da kansa ya ce ba zai karɓi ko dala ba, kuma bindiga ba za ta bar ɗakinsa ba, sai izini ya fito. Ya ce, "Ɗiyata, idan na ba ku ita yau, gobe ni da mijinki ɗaki ɗaya za a rufe mu."

Ya kuma nuna mana wani rubutu a jikin bututun, 12/70. Ma'anarsa ɗakin harsashinta milimita 70 ne, kada a kuskura a cusa mata mai 76 ko da ya shiga. Harsasan kuma lamba gare su, kuma lambar a juye take: idan ta yi girma ƙwayoyin ƙanana ne. Lamba 4 ko 6 ta zabo da zomo ce, 7 da rabi ta kurciya da hasbiya. Na rubuta wannan a bayan littafin bashina, yana nan har yau.

Lokacin da muka koma kan dosiye kaziye ya riga ya mutu. Maigida ya sake hawa kar zuwa Damagaram cikin ruwan Agusta, tafiyar biyu ta cinye mana kusan jika 30, har takardar likita sai da aka sabunta. Farkon Satumba aka karɓi dosiyen, haɗe da hoton takardar tsohon da rubutun yardarsa cewa zai sallama bindigar. Aka ba shi ƴar takardar shaidar ajiya, aka ce daga nan za ta bi ta hannun hukumomin jiha zuwa Yamai. A bakin ƙofa wani mutum da ba ma'aikaci ba ne, irin masu zama a gindin bishiya da biro a aljihu, ya biyo shi ya ce da jika 50 zai sa ta fito cikin sati biyu. Maigida ya ce masa ya gode.

Cikin Oktoba aka yi binciken hali, kuma shi ne ya fi yi mini nauyi. An kira Maigida komisariya, ya shafe safiya guda ana tambayarsa aikinsa, albashinsa, dalilin neman bindiga, inda zai ajiye ta, yara nawa ne a gidan, ko yana da rigimar gona da wani. Bayan kwanaki wani jami'i cikin farin kaya ya zo unguwa, ya ga mai unguwa, ya tsaya wajen mai shagon kusa da mu da liman. Kafin magariba zance ya zaga cewa ana binciken mushe. Wata maƙwabciyata ta shigo da sallama a sanyaye tana tambaya ko lafiya. Na ji kunya ƙwarai ranar, har na yi da-na-sanin taɓo abin. Da mun sani, da Maigida ya riga ya je ya gaida mai unguwa da liman ya faɗa musu da bakinsa tun kafin a zo. Daga baya da na natsu na ga hikimar binciken. Ni ma da maƙwabcina ne zai ajiye bindiga a bayan katangar da ƴaƴana ke wasa, zan so a zo a tambaye ni halinsa.

Daga nan sai jira. Nuwamba ta wuce, Disamba ta wuce, ɗari ya shigo, maharba masu takarda suka fara fita, mu muna zaune. Duk sati biyu Maigida ya kan leƙa bayan an tashi daga lakkol, a ce masa ba ta dawo ba. A yanayin tsaron da yankinmu ke ciki ba mu yi mamakin a daɗe ana duba irin wannan buƙata ba, amma jira jira ne. Ranar cikarsa hamsin ta zo ta wuce, abin da na iya ba shi shi ne akwatin ƙarfe da na sa mai walda ya ƙera, jika 25, mai kwaɗo biyu, aka ɗaure shi da ƙusa a bangon ɗakinsa. Wata uku akwatin nan yana rataye babu komai a ciki. Abin da ya fi damuna tsohon mai bindigar ne, domin ya kwanta ciwo a Janairu, kuma da ta Allah ta kasance da bindigar ta shiga cikin gado, mu koma farko.

Ranar wata Laraba cikin Fabrairu aka kira shi a waya. Washegari muka ɗauko tsohon a adaidaita, jikansa na riƙe da ƙunshin bargon, aka je gaban jami'i. Aka sake karanta lambar ƙarfen, aka rubuta ta a sabuwar takarda da sunan Maigida, tsohon ya sa hannu, aka biya abin da ake biya aka ba mu rasit. A nan cikin adaidaita na ƙirga wa tsohon kuɗinsa. Ya shafa itacen gindin bindigar sau ɗaya kafin ya sake ta. Permin farauta kuwa, da muka koma gandun daji da izinin a hannu da hotuna, kwana uku kawai ya ɗauka. Jami'in nan na farko ya gane ni, ya ce, "Madam, kin ga yanzu kin zo daidai." Ya tuna wa Maigida cewa permin na lokacin farauta ɗaya ne, ana sabunta shi, kuma duk fitar da zai yi takardun biyu su kasance a aljihunsa.

Wanda zai bi wannan hanya, ya faɗa wa mai kyautar tun ranar farko, domin ƙafarsa ce za ta yi yawancin tafiyar. Ya san naman da za a nema da dajin da za a shiga kafin ya kalli kowace bindiga, kuma ya je da wanda ya san ƙarfe, kada ya dogara da idonsa. A samo bindigar a ga lambarta ta yi daidai da takardarta, sannan a nemi kaziye da takardar likita a ƙarshe, ba a farko ba kamar yadda muka yi. Kowace takarda a yi mata hoto biyu a ajiye a gida, kowane kuɗi a karɓi rasit. Kuma kuɗin bindiga ba shi ne kuɗin ba: jika 300 ɗina ba su isa ba, sai da na ƙara kusan 60 daga ciniki kafin a gama da tafiye-tafiye da akwati da harsasai. Wanda ke son ta iso kafin ɗari, ya fara tun ɗarin da ya gabata.

A gidanmu bindiga na cikin akwatinta a karye, mabuɗi na wajen Maigida. Harsasai kuma suna cikin wata adaka a ɗakina, mabuɗinsu na wajena, haka muka yi yarjejeniya saboda autanmu shekararsa tara kuma babu abin da ba ya taɓawa. Fitarsa uku ta farko tare da sarkin bakan nan ya yi su, bai harba ko sau ɗaya ba, tsohon ya ce ya fara koyon tafiya da ita tukuna. A ta huɗu, ana saura kwanaki a rufe farauta, ya tashe ni kafin asuba na ƙirga masa harsashi biyar. Da hantsi na ji tsayuwar babur. Ya shigo wandonsa duk ƙarangiya, ya miƙo mini harsashi huɗu da kwanson ɗaya, sannan ya ciro zabo guda daga jaka, ya ce da bisimilla ya harbe shi kuma ya same shi da sauran rai ya yanka. Ya ce in dafa shi da yaji da daddawa, in raba biyu, rabi a kai wa tsohon da ya sayar mana.